Takalmin Hajiya da Ruwan Ɗan Tibi

Yanzu mantuwa ta zama abokiyar zamana. Sai in yi ta neman hulata tana kaina, ko in shiga ɗaki in tsaya ina tambayar bango abin da ya kawo ni. Amma akwai abu ɗaya da ko an wanke ƙwaƙwalwata da sabulu ba zai fita ba, shi ne shekarar da jingar tafkinmu ta ɓalle, da yadda baƙinmu suka dawo bayan ni da kaina na kore su.

Bari in gabatar da kaina, don a san ba da ƙaramin mutum ake magana ba. Ni ne Manajan Yawon Buɗe Ido na ƙauyenmu, can tsakanin Kura da Bunkure. Ba wanda ya naɗa ni. Na duba na ga kujerar ba kowa a kai, na zauna. Ilimina kuwa aji huɗu ne na firamare, daga nan mahaifina ya ce abin da na karanta ya isa in gane buhun taki, ya mai da ni gona.

Tafkin namu asalinsa rami ne. Lokacin da aka zo gina kanal na noman rani, an haƙi ƙasa a bayan ƙauyenmu aka bar wawakeken rami mai buɗaɗɗen baki ta gefen gangare. Yayana, Allah ya jiƙansa, ya tare bakin da jinga, wato tudun ƙasa mai riƙe ruwa, ya karkato rarar ruwan da ke sauka daga wutsiyar magudanarmu, sannan ya zagaye wurin da dashen mangwaro. Mutane suka yi ta yi masa dariya, har da ni. Da bishiyoyin suka girma sai tsuntsaye suka gano wurin, kirinjijiya da zalɓe da balbela. Bayan tsuntsaye sai mutanen birni. Ko da yayana ya rasu, duk Sallah bas-bas ake saukewa a bakin tafkin nan.

Ni mutanen birni ba su daina ba ni mamaki ba. Mutum ya baro gidansa mai fanka, ya zo ya zauna a kan tabarma yana kallon agwagwar daji, yana cewa, "Kai, ku ji iska!" Iskar da muke shaƙa tun haihuwa ba mu san abin yabo ba ce. Amma zuwansu ya yi mana rana. Matan ƙauye suna aiko da gurasa da zoɓo da soyayyen kifi, masu rake suna kankara, mai hoto yana jera amare a gindin mangwaro. Malaman makaranta su kawo ɗalibai, ni kuma in tsaya in yi musu bayanin yadda ruwa yake tasowa daga madatsar Tiga har ya iso gonakinmu. Abin da na sani in faɗa a hankali, wanda ban sani ba in ɗaga murya.

Gonar ƙarshe a kan magudanarmu, wadda take maƙwabtaka da tafkin, ta wani ɗan Tibi ce, Kirista, da ya zo daga Binuwai tun yana da ƙarfinsa ya kama haya yana noman rani. Ni kuma kakana Bafulatani ne, ko da yake abin da na gada na Fulatanci bai wuce dogon hanci ba. To kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Tibi: mu muna cewa kakanmu ya ba kakansu ajiyar saniya, ya dawo ya tarar an cinye. Shekara ashirin ban taɓa gaishe shi da "ina kwana" ba. Gaisuwata ita ce, "Kai maci-amana, ina saniyata?" Shi kuma ya dafa fartanya ya ce, "Ɗan Fulani, ai ramammiya ce. Ko romo ba ta yi ba."

Ranar da abin ya faru, cikin tsakiyar damina ne, a farkon shekarun dubu biyu. Ruwa ya kama tun safe bai ɗauke ba har la'asar. Muna fitowa daga masallaci muka ji wani rugugi kamar an juye tifar dutse. Kafin mu isa, jingar da yayana ya gina ta tsage gida biyu, tafkin yana gudu ya bi gonakin shinkafa. Rumfar baƙi ta tafi. Kwalekwalen da muke zagayawa da su a ciki, washegari aka same shi zaune a tsakiyar gonar wani kamar ya zo cirani. Kwana uku ƙauye yana tsintar kifi a kunya. Rai dai ko na kaza ba a rasa ba, alhamdu lillahi.

Amma labari kafin ya isa birni ya yi ƙiba. Wai tafkin ya haɗiye bas guda da mutanen cikinta. Bas ɗin da ba ta taɓa zuwa ba! Wannan magana ta ƙona mini rai, kuma ita ta ja ni ga wautar da zan ba ku labari.

Damina ta wuce, ƙaramar Sallah ta matso. Abin da ya rage a tafkin ɗan ruwa ne a can tsakiya, kewaye da taɓo mai faɗi, samansa ya bushe ya tsattsage, ƙasansa kuwa kunu. Sai na zauna na yi tunani irin na manomin tumatir. Mu a sana'armu, in za ka kai kwando kasuwa, manya jajaye kake jerawa a sama, ƙananan su kwanta a ƙasa. Mai saye ya sani, mai sayarwa ya sani, ba wanda yake kiran wannan ƙarya. Na ce to, tafki ma ai kwando ne. Na je Kura wurin masu injin casar shinkafa na kwaso buntu, wato ƙaiƙayin shinkafa, amalanke bayan amalanke, na shimfiɗa shi a kan taɓon tun daga gindin mangwaro har bakin ruwa. Wallahi da rana ta haska shi sai ka ce rairayin bakin teku, irin na jikin kalanda. Daga nan na hau kekena na tafi Garun Mallam na sami direbobin bas, na ce su shaida wa mutanen birni tafki ya dawo, har ya fi da kyau.

Tsohuwata, uwar 'ya'yana, ta leƙa ta ga aikin. Ta ce, "Malam, wannan shimfiɗar ta mutane ce ko tarkon gafiya?"

Na ce, "Ke ba ki san harkar yawon buɗe ido ba."

Ta ce, "Na dai san taɓo."

Washegarin Sallah bas biyu suka zo. Na tarye su da babbar riga. Cikinsu akwai wata Hajiya mai jiki, ta sha leshi da gwal, jikokinta suna biye da ita. Ta hango ruwa, ta ce a zo a yi hoto a bakinsa. Taku ɗaya lafiya, na biyu lafiya. A na biyar ƙasa ta karɓe ta har gwiwa. Ta yi salati, jikoki suka sa kuka, mai hoto ya ruga ceto shi ma ya nutse. Sai da muka shimfiɗa ƙyauren wani shago, mata huɗu suka kama ta, sannan ta fito. Ƙafa biyu suka fito, takalmi ɗaya.

Ban manta yadda ta dube ni ba. Ba ta yi zagi ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Baba, kai ne mai wurin nan?"

Na ce, "Ni ne manaja, Hajiya."

Ta ce, "To manaja, ka ji tsoron Allah. Mun ji an ce ruwa ya yi muku ɓarna, mun zo ne ma har da niyyar jaje. Da ka ce mana taɓo ne, da mun zo da shirin taɓo. Me ya sa ka rufe?"

Mutumin da yake yi wa malaman makaranta lacca, ranar nan ko tari ban iya ba. Suka hau motocinsu ko gurasa ba su taɓa ba. Ambaliya ta tafi da ruwan tafki, ni kuma na tafi da sunansa, don wannan karon labarin da ya isa birni gaskiya ne.

Bayan kwana biyu dagaci ya aiko a kira ni. Na tarar da fada cike da manoma, na kuma san abin da ya tara su. Duk manomin da ya ga irin laka mai maiƙo da ta kwanta a cikin tafkin nan, yawunsa sai ya tsinke. Suna so a raba wurin kowa ya sami 'yar kunya, a sare mangwaron, tunda tumatir ba ya shiri da inuwa.

Na faɗi na yi gaisuwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, bishiyoyin nan yayana ne ya dasa su da hannunsa."

Dagaci ya ce, "Mun sani, Allah ya jiƙansa. Amma shi baƙi ya tara, kai kuwa ka dasa mana Hajiya a taɓo." Fada ta fashe da dariya. Da aka lafa ya ce, "Ga hukunci. Daga yau zuwa Babbar Sallah wurin yana hannunka. In baƙi sun dawo, tafki ya zauna. In ba su dawo ba, a kawo igiya a auna, a kawo gatari."

Gyaran jinga bai ba ni wahala ba. Na kira gayya, mutane suka fito, har waɗanda suke son a raba wurin, don a ƙauyenmu ba a ƙin gayya. Muka cika tsofaffin buhunan taki da ƙasa muka jera, muka daɓe, tsohuwata ta dafa dambu. Cikin sati biyu jinga ta miƙe. Sai dai jinga ba ruwa ai tudu ne kawai.

A nan ne gizo yake saƙa, in ji masu magana, amma ni ba gizo na gani ba, rabon ruwa na gani. Ga wanda bai san tsarinmu ba: da rani ruwan magudana rana-rana ake raba shi. Kowa da ranarsa, ya jera tiyonsa ya zuƙo ruwa zuwa gonarsa, in lokacinsa ya cika ya zare na gaba ya sa. A shekarun da, rarar da ke sauka ta ishi tafkin domin damina ta riga ta cika shi. Bana kuwa daga ƙasa za a fara, ga shi lokacin ya faɗo daidai sa'ad da tumatir yake fure, lokacin da manomi zai iya ba ka rigarsa amma ba zai ba ka ruwansa ba. Na saki nawa rabon, amma gonata ba ta fi tabarmar liman ba, kuma tana can sama, kafin ruwan ya gangaro an shanye shi a hanya. Na bi gida-gida. Wani ya ce sai ya yi shawara, wani ya ce Allah ya kawo mafita, wani ya tambaye ni ko buntun ya ƙare ne.

Ɗan Tibi kaɗai ban tambaya ba. Shi ne a wutsiya, ruwan da yake isa gare shi dama saura ne, kuma gonar ba tasa ba ce. Kunya ba ta bar ni ba.

Ranar wata Talata da hantsi na je duba jinga, sai na ji ƙarar ruwa. Na bi sawu. Ga ruwa nan yana kwarara cikin tafki, baki cike. Talata kuwa ranar ɗan Tibi ce. Na same shi zaune a gindin mangwaro, tiyonsa a naɗe a gefe, yana ɓare gyaɗa.

Na ce, "Kai maci-amana, ka haukace ne? Ruwanka ne yake wucewa!"

Ya ce, "Na gan shi. Ai da idona."

"Tumatirinka fa?"

"Zai yi azumi. Ku ba kwa yi?"

Na zauna kusa da shi, na ce ya bar wasa. Ya dubi ruwan ya ce, "Ɗan Fulani, ranar da na sauka a garin nan ban san kowa ba. Yayanka ne ya ce in ajiye kayana a rumfar da ruwa ya tafi da ita, wata biyu ina kwana a ciki. Kuma ni ɗan bakin kogi ne. Duk ƙasar nan, nan kaɗai nake zama da yamma in ji kamar ina gida. In aka sare bishiyoyin nan, a ina zan zauna in riƙa jin haushinka?"

Talata ta zagayo ya sake sakin ruwan. A ta uku na riga shi zuwa, na jera masa tiyonsa da hannuna, ya zo ya zare. Muka yi ta ja, tsofaffi biyu, kamar za mu daku. Na shiga gonarsa na ga ganye ya naɗe, fure yana zuba ƙasa. Duk furen da ya faɗi, tumatir guda ne da ba za a haifa ba. Na durƙusa na tsince su na cika hulata.

Ranar Juma'a bayan an sauko, mutane suna zaune a ƙofar dagaci, na zo na juye hular a kan tabarma. Na shirya dogon jawabi tun daga gida, har da Turanci biyu a ciki, amma ban yi ba. Ba a yi wa manomi fassarar busasshen fure. Can wani dattijo, wanda ya fi kowa son a raba tafkin, ya ɗauki ɗaya ya murza, ya ce, "Gonar wa ta ƙone haka?"

Na ce, "Ta ɗan Tibi. Talata uku ke nan yana zuba ruwansa a tafkin garinku."

Dattijon ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Baƙo, ɗan haya, na wutsiya. Mu kuma muna sama muna wasa gatari." Ya juya wurin dagaci. "Ranka ya daɗe, ni dai daga gobe, in an kira azahar zan zare tiyona, ba zan mayar ba sai la'asar."

Haka aka tsayar. Kowa a ranarsa, tsakanin azahar da la'asar, ya saki ruwa ya gangara. Ya fara biyawa ta gonar ɗan Tibi, sauran ya faɗa tafki. Ba duka suka cika alkawari ba, kada in yi muku buntu a kan labari. Akwai wanda azaharsa ba ta yi sai ƙarfe uku da rabi. Amma ruwa ya riƙa hawa, ɗan yatsa yau, ɗan yatsa gobe. Wata safiya na ji kukan kirinjijiya, na tsaya a kan jinga ina share ido, na ce wa masu wucewa hayaƙi ne.

Saura baƙi. Na ɗauki cebur na je daidai inda Hajiya ta nutse, na yi ta tono har na ciro takalmin. Tsohuwata ta wanke shi ta goge da man gyaɗa, tana yi tana cewa, "Manaja ya koma mai gyaran takalmi." Na kafa turaku na ɗaura jan ƙyalle a duk inda taɓo ya rage. Sannan na koma Garun Mallam wurin direban da ya kawo su Hajiya, wanda ya san gidanta. Na ce ya faɗa mata, ya kuma faɗa wa duk fasinjan da ya tambaya: tafki rabi ne, rumfa babu, kwalekwale yana yoyo, taɓo yana nan ta gabas an sa masa alama. Amma mangwaro ya yi fure, tsuntsaye sun dawo, kuma manaja ya tuba.

Direban ya ce, "Baba, wannan talla ce ko korar mutane?"

Na ce, "Kai dai faɗi haka. Ka ƙara da cewa takalminta yana hannuna, kuma ba na aike."

Ranar Babbar Sallah ba wanda ya zo. Na ce kowa yana fama da nama. Washegari har azahar shiru. Wani maƙwabcina ya zo da gatarinsa ya zauna a inuwar mangwaro, wai ƙota yake gyarawa. Ɗan Tibi yana gefena, ko tsokana ta gagare mu. Ana gab da la'asar sai muka ji hon daga bakin kanal. Bas ɗaya, ta biyu a bayanta, sai wata ƙaramar mota. Ƙofa ta buɗe, ƙafar da ta fara saukowa tana sanye da dogon takalmin roba irin na masu aikin shinkafa.

Hajiya ce. Ta ce, "Manaja! Ina kayana?"

Na miƙa mata da hannu biyu, a naɗe cikin sabon ƙyalle. Ta juya shi ta duba, ta yi dariya har gwal ɗinta yana rawa. Ta ce, "Ɗayan na jefar tun tuni. Saƙonka ne ya kawo ni. Tunda nake ban taɓa jin mai wuri ya aiko da jerin aibin wurinsa ba. To, wannan karon ƙasar ta gaskiya ce?"

Na ce, "Duk inda ba jan ƙyalle, Hajiya, taka da ƙarfinki."

Dagaci da kansa ya zo ya ga tabarmi a shimfiɗe, ana cin gurasa da naman Sallah. Ya dubi mai gatari ya ce, "In ka gama gyaran ƙotar, je ka saro mana itacen rumfa."

Ba a rana ɗaya wurin ya koma yadda yake ba, sai da aka yi shekara biyu kafin bas-bas su dawo kamar da. Ɗan Tibi kuwa rabin tumatirinsa bai yi ba a wannan rani, kuma bai taɓa ɗaga maganar ba. Da yamma, bayan baƙi sun tafi, na tsaya a gabansa na gyara murya, na ce a madadin kakana da dukkan Fulanin duniya, na yafe saniya.

Ya zabura ya ce, "Kul! Kada ka soma. In ka yafe, gobe da me za ka gaishe ni?"

Yanzu ya koma gida Binuwai, tsufa ya kama shi kamar yadda ya kama ni. Mangwaron yayana suna nan, jikokin Hajiya ma sun kawo nasu 'ya'yan. Abin da na koya, da aji huɗun nawa, shi ne wurin da masifa ta faɗa wa ba kwandon tumatir ba ne. Baƙo zai yafe maka taɓo, amma ba zai yafe maka buntun da ka rufe shi da shi ba. Kuma kafin na nesa su dawo, sai na kusa sun zare tiyonsu, wani lokacin ma wanda ya fi kowa ƙarancin ruwa shi zai fara. Na gode wa Allah da ya nuna mini wannan da raina, na gode wa mutanen garinmu, na gode wa maci-amanar nan. Duk Sallah nakan sa a kira mini shi a waya, kuma har yau kafin in buɗe baki yake cewa, "Ramammiya ce, Ɗan Fulani. Yaya tafkinmu?"